Sawu Ɗari Bakwai a Shafin Ruwan Tudun Ƙirya

Mutanen Tudun Ƙirya sun fito daga masallacin Juma'a suka tarar da renon tumatirinsu a ƙarƙashin ruwa. Duk kwarin gabas, inda magidanta ashirin da uku suka yi renonsu, ya koma tafki. An yanke kwaɗon ƙofar ruwan da ke tsare kwarin an jefar cikin ciyawa, an ɗage ƙofar har ƙarshe. Ruwan da aka kwana huɗu ana jira daga babban kanal ya zo da ƙarfinsa, ya bi ta kan shukar da saura mako guda a dasa ta. Kafin a samu a rufe, ya tuge abin da ya tuge, sauran kuma ya binne su a laka.

Malam Tambaya ya iso da rigar masallaci a jikinsa da sandarsa a hannu. Shekarunsa hamsin da biyar, kuma daga Bunkure har Madobi babu wanda bai san shi da bin sawu ba. In saniya ta ɓata ko an sace injin ban ruwa, shi ake kira, ya sunkuyar da kai ya yi ta bin ƙasa har ya tsaya a ƙofar wani gida. Abin da ya fara gani shi ne ƙafafun mutum sama da ɗari suna tattake bakin ƙofar ruwan. Ransa ya ɓaci nan take.

"Ku ja baya! Wallahi duk wanda ya ƙara taku ɗaya, sunansa zan fara kai wa dagaci!"

Aka ja baya ana gunaguni, ban da mutum ɗaya. Salim ne, ƙanin Tambaya uwa ɗaya uba ɗaya, wanda renonsa ya fi na kowa girma a kwarin. Laka har gwiwarsa, idanunsa sun yi jajir.

"Yaya, wane sawu kuma za ka bi? Ga kofato nan kowa na gani. Mutanen ruga ne suka buɗe don shanunsu su sha. Sau nawa muke faɗa?"

"A kore su!" in ji wani daga baya. Sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya.

Tambaya ya tsuguna a ɗan gefen da aka bar masa bai lalace ba. Kofato kam akwai shi, amma na shanu biyu ne kacal, manya masu nauyi, kuma suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Babu sawun maraƙi, babu na tunkiya, babu wanda ya ratse ya ci ciyawa. Garke ba ya tafiya haka. Waɗannan sun saba da karkiya a wuya. Na hagun kuma yana da ɓalli a kofaton baya. An kai su bakin ƙofar, an zagaya da su sau uku, aka fitar da su kan kwalta, a nan sawun ya ƙare.

Dagaci ya iso a kan babur, ya saurari ihu ta kowane ɓangare, sannan ya ce, "Malam Tambaya, na ba ka zuwa hantsin Litinin. In ba ka kawo mini mutum ba, zan rufe mashayar shanu in ce wa Arɗon ruga ya nemi wani wurin. Ba zan bari a zubar da jini a ƙasata ba."

"Ranka ya daɗe, shanun huɗa ne, ba na ruga ba."

"To kawo mini mai su."

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Shanun huɗa a wannan yanki sun haura karkiya sittin, kuma a irin wannan lokaci rabinsu suna ƙauyukan maƙwabta wajen aikin haya.

Da safiyar Asabar ya nufi ruga. Arɗo Dalhatu ya fi shekara talatin zaune a bayan mashaya, yana kiwo yana kuma noma masara. Ya tarbi Tambaya a tsaye, bai sa a shimfiɗa tabarma ba.

"Kai ma ka zo ka auna kofaton shanuna?"

"Arɗo, na zo ne in ji inda suke jiya da azahar."

"Suna Kadawa suna cin karan shinkafa, yau kwana shida. Je ka tambaya. Saura uku masu tatsa, ga su can a ɗaure." Ya matso kusa. "Tambaya, ni na yi wa mahaifinku wankan gawa. Matan garinku a nan suke sayen nono. Jiya da yamma matata ta je niƙa, aka ce ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ƙofar da aka buɗe ma ba ta kai ruwa mashaya, kowa ya sani. Mu buɗe ta don me?"

Tambaya ya duba shanun ukun don kada a ce bai duba ba. Ƙanana ne, kofatonsu lafiya lau. Ya fito yana jin kunya, kunyar kuma ta juye masa ta zama fushi.

Daga nan sai gidan Mudassiru, mai kula da ƙofofin ruwa na ƙungiyar manoma. Shi ne na biyun da ake zargi, domin an ce ya taɓa faɗa da mutanen kwarin gabas a kan rabon ruwa. Tambaya ya same shi a zaure ya haɗa kai da gwiwa.

"Ƙarfe nawa ka duba ƙofar jiya?"

"Sha biyu daidai, Baba. A kulle take. Kullum sau uku nake zagayawa."

"Yaushe ka san an saki ruwa?"

"Sha biyu da minti arba'in sakatariyarmu Malama Rauda ta sa sanarwa a shafinmu na intanet. Ruwa yana cin awa ɗaya da wani abu kafin ya iso nan. Na ce bari in yi sallah in dawo in tarye shi." Ya ɗago kai. "Liman ya ja huɗuba. Laifina ke nan, na yarda. Amma ga mabuɗi a aljihuna, me zai sa in yanke kwaɗo?"

"Don a ce ba kai ba ne."

"Baba!"

"Tambayarka nake yi, ba lallashinka na zo ba. Wa ya ganka a masallaci?"

Ya lissafa mutum huɗu. Tambaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk suka ce a sahu na biyu ya yi sallah tun kafin liman ya hau mumbari. Wannan hanya ma ta toshe. Amma ya fito da abu ɗaya: wanda ya yi ɓarnar yana da ɗan lokaci ƙanƙani. In ya buɗe da wuri, Mudassiru zai gani a zagayensa ya rufe. In ya bari ruwa ya iso, kowa yana bakin kanal. Dole sai tsakanin sanarwa da isowar ruwa. Ke nan mutumin ya san an saki ruwa a minti ɗin da aka faɗa.

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a bayan shagon taki. Malama Rauda, sakatariyar ƙungiyar, malamar lissafi ce mai 'ya'ya huɗu, ita ta haɗa wa ƙungiyar shafin intanet inda ake sa ranakun rabon ruwa da sanarwar hukuma. Ta ga Tambaya a bakin ƙofa ta ajiye biro da ƙarfi.

"Kawu, in ka zo ne ka ce shafina ya jawo ɓarna, an riga ka. Tun jiya ake aiko mini da zagi. Wai na tallata sirrin ruwa ga duniya."

"Ni ban san shafi ba, Malama. Wa yake ganin sanarwar in kin sa?"

"Duk mai waya." Ta jawo kwamfutarta. "Akwai abin da na nuna wa shugabanmu Alhaji Badamasi jiya da yamma, ya ce in rufe wannan akwatin in bar maza su yi magana. Kai za ka duba?"

"Nuna mini."

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Wani layi ne kwance yana ɗan tashi yana sauka, sai a kusa da ƙarshe ya miƙe sama kamar bango, ya sake faɗowa.

"Wannan ƙididdigar masu ziyartar shafin ce. Duk sanda wani ya buɗe, tana ƙirgawa. Shekara biyu muna tsakanin talatin da arba'in a rana. Ranar Talata, da hukuma ta tsayar da ruwa don gyara, sai na ga ɗari biyu da hamsin. Laraba haka, Alhamis ma ya fi. Da farko murna na yi, na ce manoma sun waye. Daga baya na ce ko dillalan tumatir ne na Kumbotso suke leƙenmu. Har na kira biyu daga cikinsu, ɗaya ma bai san muna da shafi ba. Sai jiya bayan ɓarnar na zauna na rarraba. Na'urar ba ta ba da suna, amma kowace waya tana ba ta lamba. Kawu, sauran jama'a ba su ƙaru da yawa ba. Waya ɗaya ce. Sau ɗari bakwai da goma sha ɗaya a kwana huɗu, kuma wuri ɗaya take buɗewa, wurin sanarwar sakin ruwa."

"Yaushe ta zo na ƙarshe?"

"Jiya, sha biyu da minti arba'in da ɗaya. Minti ɗaya bayan na sa sanarwa. Tun daga nan ba ta ƙara leƙowa ba."

Tambaya ya ji tsigar jikinsa ta tashi kamar yadda take yi masa in ya ci karo da sabon sawu a daji.

"Wace irin waya ce?"

Ta faɗa masa. Irin wadda rabin garin ke riƙewa ce, har da shi kansa.

"Tana nuna lokacin kowace zuwa?"

"Har minti."

"To ɗauko akwatin naki mu fita waje. Ni a ƙasa nake karatu."

A bayan ofishin ya share wuri da ƙafa, ya ja layi huɗu dogaye da sandarsa, kowane layi rana ɗaya. Rauda tana karanto lokuta, shi yana ɗiga alama. Sun fi awa ɗaya a haka, rana na dukansu. Da suka gama ya ja da baya ya tsaya yana kallo. Alamun sun jeru kusa da kusa, minti huɗu, minti biyar, daga asuba har lokacin kwanciya, sai 'yan giɓi nan da can.

"Wannan giɓin azahar ne. Wannan la'asar. Ga magariba." Ya yi tsaki. "Kin gani? Mai sallah ne, ba ya fashi. Yana idarwa zai ɗauki waya ya duba ko lokacin halaka 'yan'uwansa ya yi." Ya kai bakin sandar kan layi na biyu. "Wannan fa? Laraba da hantsi. Mutumin da ko abinci yake ci yana dubawa, me ya riƙe shi tsawon nan?"

Rauda ta duba. "Ya tsaya goma da minti takwas. Ya dawo sha biyu da ashirin da uku."

"An yi rasuwa ranar Laraba?"

"A'a."

"Sabis ya ɗauke?"

"A'a, ga wasu nan sun shiga a tsakanin." Sai ta shiga ofis da sauri ta fito da littafin da take rubuta bayanin taro, ta buɗe ta miƙa masa duk da ta san ba ya karanta boko. "Kawu, ranar Laraba kwamitinmu ya zauna. An buɗe taro goma da minti goma, an rufe sha biyu da ashirin. Kuma Alhaji Badamasi ba ya son ƙarar waya a taro. Akwai farantin da yake ajiyewa a bakin ƙofa, kowa ya zuba wayarsa kafin ya shiga."

"Ku nawa ne?"

"Biyar. Alhaji Badamasi, mataimakinsa Malam Suhaibu, Hajiya Saliha shugabar mata manoma, Mudassiru, sai ni." Fuskarta ta canja. "Muna zaune da shi a ɗaki ɗaya muna shawarar yadda za a raba ruwan da adalci!"

"Kada ki faɗa wa kowa, ko mijinki."

Ranar Lahadi Tambaya ya zagaya turken shanun mutanen kwamiti kamar mai wucewa. Na Alhaji Badamasi suna gida, kofatonsu lafiya. Hajiya Saliha ta sayar da nata tun damina. Mudassiru da Rauda ba su da su. A gidan Malam Suhaibu ya tarar da turke babu komai, an share shi tas har an yayyafa ruwa. Maƙwabci ya ce tun asubar Asabar aka kai su Madobi aikin haya. Tambaya ya hau ɗan acaɓa ya tafi Madobi, ya yi ta tambaya gona gona har la'asar. A wata gonar albasa ya same su suna jan garma. Ya bi bayansu taku goma, ya tsuguna, ya auna da yatsunsa. Ya tashi ya kama hanyar gida.

Da ya san abin da za a yi kafin gari ya waye, da bai jira hantsin Litinin ba. Ya fito sallar asuba ya ji ana cewa an sari saniyar Arɗo. Ya garzaya ruga. Ɗaya daga cikin masu tatsar nan uku ce, an sare mata jijiyar ƙafafun baya biyu da adda, tana kwance tana ta ƙoƙarin tashi, maraƙinta yana zagaye ta. Dole aka yanka ta. Matar Arɗo tana zaune a ƙasa da ƙwaryar tatsa a cinya. Arɗo bai yi ihu ba. Ya dubi Tambaya kawai ya ce, "Ga wani sawun nan. Shi ma za ka bi, ko na garinku kaɗai ake bi?"

Tambaya ya sunkuya ya duba ƙasa a bayan turken. Bai daɗe ba ya miƙe.

"Zo ƙofar dagaci da hantsi, Arɗo."

Hantsi bai gama ɗagawa ba ƙofar gidan dagaci ta cika. Mutanen kwamiti biyar suna kan benci, Rauda da kwamfutarta a cinya. Arɗo ya tsaya can gefe shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da jama'a. Malam Suhaibu ne ya fara magana tun ba a ba shi dama ba. Mutum ne mai fara'a da iya zance, gonarsa ce ta yi iyaka da mashaya.

"Ranka ya daɗe, kada mu ɓata lokaci. Abin da ya samu saniya ba mu ji daɗinsa ba, amma shi ke nuna zaman ya ƙare. A rufe mashayar nan kowa ya huta."

"A rufe!" in ji jama'a.

Tambaya ya buga sandarsa a ƙasa. "Ranka ya daɗe, a ba ni dama ko in tafi gida."

Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru. Tambaya ya faɗi abin da ya gani a bakin ƙofar ruwa, ya faɗi inda garken Arɗo yake. Sannan ya sa Rauda ta yi bayanin wayar da ta buɗe shafin sau ɗari bakwai da goma sha ɗaya, da minti ɗin da ta daina, da giɓin ranar Laraba. Da ta zo kan farantin wayoyi, Alhaji Badamasi ya miƙe tsaye.

"Wato mu ake zargi? Ni da na kafa ƙungiyar nan? Saboda zanen akwatin wata mata?"

"Matar da ka ce ta rufe baki ranar Juma'a," in ji Rauda. "Da ka saurare ni, Alhaji, da saniyar can tana raye."

"Abu ne mai sauƙi," Tambaya ya ce. "Kowannenku ya fito da wayarsa ya buɗe shafin yanzu, ɗaya bayan ɗaya. Lambarsa za ta fito a nan. Malama, rubuta lambar da muke nema a takarda ki ba dagaci, sannan ki fara da taki."

Ta rubuta ta miƙa, ta buɗe tata. Dagaci ya sa tabarau ya gwada, ya girgiza kai. Mudassiru ya buɗe tasa, ba ita ba ce. Hajiya Saliha ta buɗe tana cewa Allah ya tona asirin azzalumi ko da ɗanta ne, ita ma ba tata ba ce. Alhaji Badamasi ya buɗe tasa yana huci. Ba ita ba ce.

Malam Suhaibu ya laluba aljihu, ya yi murmushi. "Ni kam ba ni da data."

"Na kunna maka tawa," Rauda ta ce. "Jona."

"Cajin ma ya kusa ƙarewa."

"Minti ɗaya ya isa, Malam Suhaibu," in ji dagaci.

Ya daɗe yana danne-danne.  Sai Rauda ta juya kwamfutar wajen dagaci. Ya dubi takarda, ya dubi fuskar kwamfutar, ya sake duban takarda, ya cire tabaransa a hankali.

"To sai me?" Suhaibu ya ce da ƙarfi. "Buɗe shafi laifi ne? Ni ma manomi ne, ruwa nake jira kamar kowa!"

"Mai jiran ruwa ya kan zo bakin kanal in an sake shi," Tambaya ya ce. "Wa ya ganka a can kafin ɓarna? A wane sahu ka yi Juma'a? Renonka yana kan tudu, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Kuma jiya na je Madobi, gonar albasa ta bayan makarantar firamare. Bijiminka na hagu yana da ɓalli a kofaton baya. Sawunsa yana nan bakin ƙofar ruwa, na kife masa kwando. A kawo shi a gwada a gaban kowa."

Murmushin ya ɓace. Suhaibu ya dubi jama'a yana neman fuska ɗaya da za ta tsaya masa, bai samu ba. Sai ya fashe.

"Shekara bakwai ina roƙo a matsar da mashayar nan! Ƙasa mai kyau, kusa da ruwa, an bar wa dabbobi suna tattakewa, ni kuma gonata ta matse! Na kai wa kwamiti sau huɗu aka ƙi. Ban yi zaton ruwan zai zo da wannan ƙarfin ba. Na ɗauka fangali biyu ko uku zai ci, a yi fushi, a rufe mashaya, shi ke nan."

Hajiya Saliha ta miƙe ta nuna shi da yatsa. "Fangali biyu na wa? Na marayun da nake riƙo? Kai da ka ja mu addu'a a ƙarshen taron Laraba!"

Jama'a suka yunƙuro kansa. Wani ya ɗaga fartanya. Tambaya ya shiga tsakani ya gicciya sandarsa.

"Ku tsaya nan! Kwana uku kuna ihun a kori mutumin da bai yi muku komai ba, yanzu kun sami sabon wanda za ku yi wa ihu. Babu wanda ya tsaya ya dubi ƙasa a cikinku! Matar Arɗo kuka kora daga wajen niƙa. Malama kuka zaga. Wa ya ba ta haƙuri a cikinku?"

Dagaci ya sa dogarai biyu suka shigar da Suhaibu zaure kafin 'yan sanda su zo daga Bunkure. Ya yanke cewa duk renon Suhaibu na kan tudu za a raba wa mutanen kwarin gabas, kuma mashaya tana nan inda take muddin yana raye. Kowa ya san renon ba zai kai rabin abin da aka rasa ba, kuma wanda ya sake sabon reno yanzu zai riski kasuwa a makare.

Ana watsewa Alhaji Badamasi ya ja Tambaya gefe ya rage murya. "Malam Tambaya, ka yi aiki. Maganar saniya kuma a bar ta haka. Ƙungiya za ta san yadda za ta yi da Arɗo. Zafin rai ne, kada a tono wata fitinar."

Tambaya ya zare hannunsa. Ya hango Salim yana sulalewa ta bayan masallaci, ya ƙwala masa kira.

"Salim! Zo nan."

Ya zo yana kallon gefe.

"Tun kana rarrafe na san takunka. Ƙafarka ta dama tana karkata waje tun faɗuwar da ka yi daga kan mangwaro. Ka yi zaton ba zan gane ba, ko ka yi zaton zan gane in yi shiru?"

"Yaya, duk abin da na mallaka yana cikin renon nan."  "Kowa yana cewa su ne."

"Kowa ya ce, amma hannunka ne ya riƙe addar."

"Ka rufa mini asiri, Yaya. Don darajar Inna."

Tambaya ya ji maganar har cikin ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallon ƙaninsa, laka ta bushe a ƙafar wandonsa tun ta ranar Juma'a. Sannan ya kama shi a wuyan hannu, kamar yadda yake kama shi suna yara in za su tsallaka kanal, ya ja shi suka ratsa tsakiyar mutane zuwa inda Arɗo yake tsaye.

"Arɗo, ka tambaye ni da safe ko zan bi sawun. Na bi. Ga inda ya tsaya."

Arɗo ya dubi Salim, ya dubi Tambaya. Salim ya durƙusa a gabansa.

"Ƙaninka ne," in ji Arɗo.

"Ƙanina ne. In hukuma kake so, ni zan raka ka. In sulhu kake so, karsanata tana gida, ka aiko a kwance ta yau, shi kuma ya san yadda zai yi da ni."

Mutanen da suka fara tafiya suka dawo suka tsaya. Daga nan Arɗo ya ce, "Ba na son karsanarka, Tambaya, ba kai ka sare ta ba. Saniyar ta bar maraƙi ɗan wata biyu, ba ya cin ciyawa tukuna. Shi wannan zai riƙa zuwa safe da yamma yana ba shi madara da hannunsa har a yaye shi. Ta tsakiyar gari zai bi, ba ta bayan gari ba. Duk wanda ya tambaye shi ina za shi, ya faɗa masa dalili."

Ya juya ya kama hanyar ruga. Tambaya ya saki hannun ƙaninsa.

"Tashi ka bi shi. Tun asuba maraƙin bai sha komai ba."